Ranar da na bar ɗiyan mutane na tafi fadama

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, kunya tana danne ni. Abin da ya zaburar da ni shi ne ganin sabbin ɗaliban kwalejin ilimi sun sake shigowa makarantarmu da takardun turawa a hannu, kaya a goge, fuska cike da ɗoki. Na ga kaina a cikinsu. Ni na taɓa faɗuwa koyarwar gwaji, wadda ɗalibai ke kira TP, kuma ba wani ne ya zalunce ni ba. Ni na jawo wa kaina.

Ni ɗan ƙasar Argungu ne, daga wani ƙauye da ke bakin fadama. Baba manomin shinkafa ne, idan ruwa ya janye kuma yakan taɓa su. Mu bakwai ne wurin Inna, ni ne babba namiji. Na yi karatun allo tun ina ƙarami, na kuma shiga firamare, amma har na kai aji biyar ban iya karanta boko ba. Rubutuna kuwa mai kyau ne, duk abin da malam ya sa a allo sai in kwafe shi tsaf kamar mai zanen hula, ba tare da na san abin da yake cewa ba. Wani yayana, ɗan kawuna, shi ya gano haka a wani dogon hutu. Ya zaunar da ni a zaure kullum bayan la'asar da ba, be, bi, bo, bu, har Allah ya buɗe mini. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da ya fi ci mini rai a cikin labarin. Na san ciwon tun daga jikina, amma hakan bai hana ni jefa wasu a ciki ba.

Na shiga kwalejin ilimi a ƙarshen 2018, fannin ilimin firamare. Baba ya sayar da buhunan shanshera ya biya kuɗin rajista, yana ta faɗa wa mutane cewa ɗansa zai zama malamin boko. Shekara ta farko da ta biyu sun tafi lami lafiya, in ban da kwas ɗin Turanci na dole da na faɗi a shekara ta biyu, aka ce sai na maimaita shi. A shekarar ne kuma muka yi ƙaramar koyarwa, inda mutum zai tsaya gaban abokan karatunsa na 'yan mintuna ya gwada dabara ɗaya: yadda ake buɗe darasi, yadda ake jefa tambaya, yadda ake amfani da allo, yadda ake rufewa. Sai ka ci wannan za a bari ka fita makaranta ta gaskiya. Na ci da maki mai kyau, na ɗauka na iya koyarwa. Ban lura ba cewa waɗanda na koyar manya ne masu gemu da ke kwaikwayon yara, sun riga sun san amsa, ba mai jin yunwa, ba mai kuka.

Sai 2020 ta zo. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, muka dawo gida. Na duƙufa a gona tare da Baba, shinkafa ta yi kyau irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba gulbi ya cika ya batse. Duk mutumin Kebbi ya san abin da ambaliyar shekarar nan ta yi wa manoman shinkafa. Mu da kwalekwale muka bi ta kan gonarmu, ko kan zangarniya ba a gani. Bayan makonni kaɗan Baba ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta koma da ƙyar. Gida ya dawo wuyana ina da shekara 23.

Ba mu da wata dabara sai noman rani. Na je wurin wani ɗan kasuwa na karɓo iri da taki da kuɗin fetur bashi, a kan zan biya da shinkafa idan an yi girbi. Wani maƙwabci ya yarda mu riƙa karɓa-karɓa da injin ban-ruwansa. Muna gama dashe aka kira mu kwaleji, aka ce a zo a karɓi takardar turawa. Korona ta tura komai baya, don haka koyarwar gwajinmu ta faɗo a farkon 2021, daidai lokacin da shinkafar rani ke neman ruwa kamar jariri da nono.

Wanda bai yi NCE ba, wato karatun takardar shaidar malanta na kwalejin ilimi, zai iya ɗauka wasa ne. A shekara ta uku ana ba koyarwar gwaji zango guda cur, kuma kiredit 6 gare ta, wato ma'aunin nauyin kwas, alhali yawancin kwasa-kwasanmu 2 ne ko 1. Wanda bai ci ta ba babu shi babu takardar shaida, ko da ya cinye sauran duka. Kafin mu fita an tara mu an yi mana bayani: a makon farko ka zauna ka kalli malamin aji, ka san yara, ka san tsarin makaranta. Daga nan ka karɓi wasu darussa kana koyarwa yana kallonka yana gyara maka. Kowane darasi ka rubuta shirinsa, a sa maka hannu kafin ka shiga aji. Malaman kwaleji za su riƙa zuwa ba sanarwa su zauna a bayan aji da takardar ba da maki, shugaban makaranta ma zai rubuta rahotonsa. An kuma faɗa mana da babbar murya cewa duk mai wata matsala ya zo ofis ya yi magana tun da wuri. Na ji wannan da kunnena. Na yi shiru, domin a ganina namiji ba ya kai kukan gidansu ofis.

An tura ni wata firamare a wani gari mai nisan kamar minti 40 a babur daga ƙauyenmu. Hedimasta ya karɓe mu hannu bibbiyu, mu huɗu, don yana fama da ƙarancin malamai. Aka ba ni aji huɗu, yara 74 a rajista. Malamin ajin ya miƙa mini alli da rajista da littafin da aka raba manhaja mako-mako, ya zauna da ni kwana uku, daga nan sai na riƙa ganinsa jefi-jefi. Ba zan ɗora masa laifina ba, shi ma da nasa nauyin. Amma haka na wayi gari ni kaɗai da aji, ina koyar da lissafi da Turanci da Hausa da kimiyya da zamantakewa, ni da aka turo in koya.

Makonni uku na farko na yi iyakar ƙoƙarina. Kafin ƙarfe 7:30 ina makaranta, in tsaya kan shara, a yi taron safe, in kira suna, in koyar har a tashi. In koma gida in wuce fadama har magariba. Da dare in kunna tocila in rubuta shirin darasin gobe: aji, darasi, batu, tsawon lokaci, manufa, abin da yara suka riga suka sani, kayan koyarwa, gabatarwa, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, tambayoyin auna fahimta, aikin gida. Sau biyar ko shida a dare ɗaya. Ga littattafan yara a buhu suna jiran maki. Ga kwas ɗin Turancin da zan maimaita, wanda jarrabawarsa ke tafe. Ga malamin da ke duba kundin bincikena yana aiko saƙo in kawo babi na ɗaya. Ga Baba da sai an tashe shi an kwantar, an kai shi bayan gida. Ba a biyanmu ko sisi, kuma kuɗin man babur kullum daga bashin gona nake yankowa. Wata rana barci ya ɗauke ni a kan littafi, Inna ce ta zare biro daga hannuna.

A mako na huɗu malamin kwaleji na farko ya zo. Mun ji ƙishin-ƙishin tun jiya, don haka na shirya. Na sayi kwali da biron zane na zana sassan tsiro, na zaɓi yara biyar masu ƙoƙari na zaunar da su a gaba, muka maimaita tambayoyin da amsoshin har sau uku. Darasi ya tafi sumul. Duk tambayar da na jefa hannu biyar ke tashi. Ya yaba mini, ya ba ni maki mai kyau. Wannan makin shi ne mafarin lalacewata. Zuciyata ta raya mini cewa ashe abin da ake nema ke nan, minti 35 masu kyau a gaban baƙo. Sauran kwanakin ba mai gani.

Na fara da zamewa idan an fita tara. Daga baya na koma tsallake yini guda, sannan biyu. Dabarata ita ce in zo ranar Litinin in cika allo da rubutu daga sama har ƙasa, in ba monita tsumagiya, in ce kowa ya kwafe, wanda ya yi surutu a rubuta sunansa. Na yi yarjejeniya da ɗaya daga cikin abokan da aka turo mu tare: in ya hango motar kwaleji ko baƙon babur, ya kira ni. Shirin darasi kuwa na daina kai wa hedimasta. Nakan zauna dare ɗaya in rubuta na mako biyu, wani ma in kwafo daga littafin aboki, in canza kwanan wata. Ina gaya wa kaina cewa na ɗan lokaci ne, shinkafa na fitar da kai zan dawo in cike giɓin. Kuma ina da hujjar da nake lallashin zuciyata da ita: ai yaran nan kafin in zo ma ba kullum suke da malami ba.

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Maris, zafi ya fara tsananta. Ranar ce karɓarmu ta inji, in na bari ta wuce sai bayan kwana huɗu, ga fangali ya fara tsagewa. Tun asuba na tafi. Na rataye rigata a jikin wani itace da waya a aljihu, na tayar da inji, na shiga cikin taɓo ina buɗe wa ruwa hanya. Ƙarar inji ba ta bari a ji komai. Sai wajen ƙarfe goma na fito shan ruwa, na duba waya, na ga kira 11. Ban ko wanke ƙafa da kyau ba na hau babur. Har yau ban san yadda na isa garin nan da rai ba.

Da na shiga harabar makaranta shiru ne ya fara ba ni tsoro. Ajina bai taɓa yin shiru haka ba. Na leƙa, sai ga wani dattijon malamin kwaleji zaune a kan bencin baya, tsakanin yara, da takardarsa a cinya. Hedimasta na tsaye a bakin ƙofa. A gaba kuma wata yarinya ce zaune a ƙasa, an ɗaure mata goshi da ɗankwali, jini ya ɓata gaban hijabinta. Faɗa ne ya kaure tsakanin monita da wani yaro, aka yi jifa da guntun katakon benci, ya same ta. Ita ba ta cikin faɗan. Tana zaune ne tana kwafar abin da na bari.

Na yi sallama, muryata na rawa. Dattijon ya amsa, ya dube ni tun daga kai har zuwa wandona da taɓo ya bushe a jiki. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna allo da biro ya ce, "Malam, yau wace rana ce?" Na ce, "Alhamis, ranka ya daɗe." Ya ce, "To allonka ya ce Litinin." Na juya na ga kwanan watan da na rubuta da hannuna kwana uku da suka wuce yana nan a kusurwa, ba wanda ya goge.

Ya karɓi littafin yarinyar nan ya buɗe. Rubutu ne mai kyau, layi a miƙe, ba kuskure ko ɗaya, har inda na ja layi a ƙarƙashin kan magana ita ma ta ja. Ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Ɗiyata, karanta mini wannan." Ta dubi littafin, ta dube ni. Ya nuna kalma ɗaya. Shiru. Ya nuna harafi ɗaya. Ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka kan takardar. Mako tara ina malaminta ban san ba ta iya karatu ba. Ko sunanta sai da na duba bangon littafin na tuna. A wannan lokacin ba makin da zan rasa nake tunani ba. Zauren kawuna na tuna, da ni kaina a aji biyar.

A ofis ya buɗe littafin shirin darasina. Makonni biyar babu sa hannun kowa. Ya tambayi dalili, na faɗa masa komai, ambaliya da ciwon Baba da bashi. Ya saurare ni har na gama, ya yi wa Baba addu'a. Sannan ya ce, "Da ka zo ka faɗa mana tun farko, da an duba ko a mayar da kai makarantar da ke kusa da gida, ko ka jinkirta zuwa baɗi ba tare da ka faɗi ba. Yanzu ka ɗaure mini hannu. Ba zan iya sa hannu a kan cewa ka iya riƙon aji ba." Na ba shi haƙuri har da durƙusawa. Ya ɗaga ni, ya ce in kai yarinyar asibiti tukuna. Na ɗauke ta a babur, aka yi mata ɗinki uku. A hanyar dawowa ta riƙe rigata ta baya, ba ta ce uffan ba.

Na ƙarasa sauran makonnin ban sake tsallake ko yini ɗaya ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da sakamako ya fito na ga na faɗi. Shinkafar da na saida mutuncina dominta kuwa, tsuntsayen jan-baki suka ci rabonsu, abin da ya rage ya biya bashi da ƙyar, ya bar mana na 'yan watanni.

Na fi mako biyu ban faɗa a gida ba. Inna ce ta tsare ni wani dare ta ce, "Kai, mi ad damuwarka? Tuwo ma ba ka ci." Na faɗa mata. Ta yi shiru, can ta ce in je in faɗa wa Baba da bakina. Na zauna a gefen tabarmarsa na kwashe komai, ban rage ba. Na ɗauka faɗuwar ce za ta dame shi, da kuɗin da ya kashe. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya fitar da kalma uku: "Ɗiyan mutane... amana." Ya juya fuskarsa bango. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi ɗaci. Abokaina suka gama, ni na koma kabu-kabu a Birnin Kebbi da babur ɗin haya. Akwai ranar da na ɗauki wani ɗan ajinmu, na ja hula na rufe fuska har na sauke shi. Na yanke a raina na bar karatu. Inna ma ba ta matsa ba, musamman bayan 'yan bindiga sun sace ɗalibai a makarantar Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, lokacin da kowace uwa ta shiga fargabar duk abin da ya shafi makaranta. Wata ranar kasuwa na kai fasinja garin da na yi koyarwa. Ina jiran canji sai na ji an ce, "Malam, ina wuni." Na waiga, ita ce, da farantin soyayyen kifi a kai, ga tabon a goshinta, ya warke ya bar layi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Ba wanda ya kira ni Malam tun da na bar makarantar. Na sayi kifin da ban iya ci ba, na koma gefen hanya na kashe babur na zauna. A makon nan na je kwaleji na sake rajista.

Karo na biyu, a 2022, abin da na fara yi shi ne zuwa ofishin da ke tura ɗalibai, na faɗi halin da nake ciki. Aka ba ni makarantar da zan iya zuwa da ƙafa. Gona kuma na damƙa ta hannun ɗan kawuna a kan mu raba amfani, na haƙura da rabin. Ranar farko na gaya wa hedimasta cewa maimaici nake yi, na kuma faɗa masa dalili, don kada ya ji a bakin wani. Ya haɗa ni da wata dattijuwar malama mai aji uku, wadda ta kusa ritaya. Da takardar Grade II, tsohuwar shaidar malanta, ta fara aiki, daga baya ta yi NCE ta hanyar karatun nesa na cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna. Wurin matar nan na koyi aikin malanta.

Ba ta bar mini aji ba. Mako guda cur ina zaune a baya ina kallo, ta ce in rubuta sunan duk yaron da bai buɗe baki ba har aka tashi. Da na fara koyarwa darussa biyu kawai ta ba ni, lissafi da Hausa. Kowace Litinin da safe sai na kai mata shirin darasi ta bi shi da jan biro. Ran farko na rubuta a wurin manufa cewa a ƙarshen darasi yara za su fahimci goma-goma da ɗai-ɗai. Ta ja layi a kan kalmar ta ce, "Ɗana, da wane ido za ka ga fahimta? Rubuta abin da za su yi da hannunsu ko su faɗa da bakinsu." A kwaleji an koya mana wannan, na ma rubuta shi a jarrabawa, amma sai ranar ya shiga kaina. Na gyara: yara za su iya ɗaure tsinke goma-goma su nuna 34 da 43, su faɗi bambancinsu.

Ta hana ni sayen kwali. Ta sa yara suka kawo karan dawa da marafan kwalba da ƙwallayen dabino. Muka yayyanka kara, muka ɗaure goma-goma da zaren buhu. Na raba su rukuni-rukuni a ƙasa, na ce a nuna mini 34. Wani yaro ɗan Fulani da bai taɓa magana ba, wanda Hausarsa ma ba ta nuna ba, ya ajiye dami uku da tsinke huɗu, ya ɗago yana kallona. Na ce a mayar 43. Ya ƙaro dami ɗaya, ya zare tsinke ɗaya, ya yi murmushi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ranar a aji ba, kuma babu baƙon da ke bayan aji yana ba ni maki.

A darasin Hausa ta nuna mini yadda ake kiran yaro shi kaɗai, minti biyu, a gane inda ya tsaya: wanda bai san harafi ba, wanda ya san harafi bai iya haɗa gaɓa ba, wanda ke karanta kalma, wanda ke karanta jimla. Muka kasa su huɗu, kowane kaso da aikinsa. Ta koya mini cewa rajista ba kiran suna ba ne kawai, a cikinta za ka ga yarinyar da ke ɓacewa duk ranar kasuwa, da yaron da ke bin shanu idan an fara kaka, ka san gidan da za ka je. Makin gwajin mako-mako kuma ba a cike shi da ka a ƙarshen zango. Littattafan yara ta ce in daina kai su gida a buhu, in riƙa zagayawa ina dubawa suna aiki, gyara a gaban mai shi ya fi amfani. Da wannan na samu daren da nake karatun kwas ɗina da rubuta kundin bincike, na ware musu Asabar da Lahadi da bayan isha'i.

A mako na takwas Allah ya yi wa Baba rasuwa. Da asuba na aika ƙanena da takarda wurin hedimasta. Malama ta riƙe darussana kwana uku, aka sanar da kwaleji. Ranar addu'ar uku sai ga ta da malamai da wasu daga cikin yaran sun zo gaisuwa. Abin da na kasa yi a bara ke nan, takarda mai layi huɗu.

Malaman kwaleji sun zo sun duba ni, ban shirya wa kowa wasan kwaikwayo ba. A zuwa ɗaya ma lokaci ya ƙare ban kai ga rufe darasi ba, saboda na tsaya kan wasu yara da suka kasa, aka rage mini maki a kan haka, kuma da gaskiyarsu, kiyaye lokaci yana cikin aikin. Na ci da matsakaicin sakamako. Na gama NCE shekara guda bayan abokaina, daga baya na zauna jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN.

Da na karɓi sakamako, makarantar farko na koma. Na sami hedimasta na ce ina neman ya ba ni aji, ko ba albashi. Ya daɗe yana kallona kafin ya amince. Yanzu a can nake, ƙungiyar iyaye da malamai ke ba ni ɗan abin sabulu, ina jiran Allah ya kawo ɗaukar aiki. Na je gidan su yarinyar na ba mahaifinta haƙuri. Ya ce ai yara ne, ya wuce. Bai ma san ba na ajin ranar ba sai da na faɗa masa. Ita kuwa tana gama aji shida ta tsaya, tana taya uwarta sana'ar kifi.

Ƙanenta yana ajina bana. Duk Alhamis nakan ba yara takarda mai hotunan da na zana, su rubuta sunan kowane abu a ƙarƙashinsa, ba abin kwafa a jiki. Shi nakan ba shi biyu, in ce ɗaya ta yayarsa ce in tana so. Makonni da yawa ɗaya yake dawo da ita. Ranar Litinin da ta wuce ya miƙo mini biyu. Na gane rubutun tun kafin in karanta, layi a miƙe kamar da. A ƙarƙashin kifi ta rubuta kifi, a ƙarƙashin tulu ta rubuta tulu. A ƙarƙashin kwalekwale ta rubuta kalekale, ta goge, ta sake rubuta shi haka. Na sa mata harafin da ya ɓace da jan biro a wuri biyu, na zana sabbin hotuna shida a baya, na ba yaron ya kai mata.